Hoton da Za a Kai Makka

A Sabuwar Unguwa, can gefen ruwan Tiga, in ka tambayi gidan Wada mai hoto, yara sai su tsaya suna kallonka. Amma ka ce Baba Asibi mai hoto, yanzun nan a raka ka har zaure. Sana'ar ta Wada ce tun asali, Allah ya jiƙansa, amma matar ce ta ƙwace sunan, kuma in ka san Asibi ba za ka yi mamaki ba. 'Yar gajeruwa ce, siririya, ga murya ta mutum biyu. Abin da ta sa a gaba kuwa, gara ka matsa mata ta wuce, don ko ka tsaya ta kanka za ta bi.

Tana ƙaramar yarinya aka tashe su daga tsohon garinsu, lokacin da za a tare ruwa. A bayan motar da ta kwaso su, tsakanin tukwane da turame, kuka take tana neman a sauke ta, har uwarta ta gaji ta ƙyale ta. Wata matashiya mai goyon fari, Salamatu, ita ta jawo ta ta ɗora a cinya, ta ba ta ƙuliƙuli, ta ce in ba ta yi shiru ba za ta ƙwace abinta. Tun daga ranar Asibi take ce mata Yaya. A sabon wurin gidajensu suka zo katanga ɗaya, aure ma bai raba su ba, don gidan su Wada yana bayan na Salamatu ne.

Kyamararsa a Riruwai Wada ya saye ta, hannun wani tsohon kukun Turawan kuza. Ƙarama ce, amma in ka ɗauka ka san ƙarfe ka riƙe. Ba ta cin batir, ba ta walƙiya, in an danna ma da ƙyar na kusa zai ji. Kuma ba ta cikin babban gilashin gaba ake kallo ba. Wata 'yar taga ce daban, can sama a gefe, ita ake leƙawa. A tsakiyarta za ka ga mutumin ya rabu biyu, shi da inuwarsa. Sai ka riƙa murza zoben gilashin a hankali har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. In ka yi garaje, hoto ya fito dishi-dishi, ka yi asarar fim.

Da ita Wada yake zaga kasuwanni, yau Bebeji, gobe Kiru, ranar hutu ya tafi otal ɗin Bagauda ya ɗauki 'yan birni a bakin ruwa. Sai dai rabin jama'a sun fi ƙarfinsa, don kowane gida iyakarsa zaure. Ana suna, ana biki, mata sun ci ado a ciki, shi yana waje yana fama da tsofaffi masu cin goro. Rannan ya dawo yana mita, sai Asibi ta ce, "To ni an hana ni shiga ne?" Ya ƙyalƙyale da dariya. Ita ba ta yi ba. Kafin damina ta fita ta iya haɗa inuwa biyu, ta iya sa fim, ta iya wanki.

Masu gida ba su yarda da wuri ba, kuma da gaskiyarsu. Wa zai bar fuskar iyalinsa a shagon wani ƙato? Sai Asibi ta kafa ƙa'idarta. Hoton mata ita za ta wanke da hannunta, Wada yana waje a kan benci, ko tari ya yi kusa da ƙofar sai ta yi masa magana. In ta gama, sai ta sa almakashi ta yanke ɗan baƙin fim ɗin da ake buga hoton daga jikinsa, wanda take kira uwar hoto, ta haɗa da hoton ta damƙa wa mai shi. Ba a sake buga wani sai da saninki. Wasu su adana a ƙasan kwalla, wasu su jefa a murhu a gabanta, duk ɗaya ne a wurinta. Da wannan ta shiga gidajen da ko mai tallan koko ba ta shiga, daga nan har Tudun Wada, kyamara a ƙarƙashin mayafi. Shi ya sa in ka duba ɗakinta yau ba za ka samu ko hoto ɗaya na wannan aikin na shekara da shekaru ba.

Mace ɗaya ce ta gagare ta, ita ce Salamatu. "Me zan yi da hoto? Ba ga ni ba? Mai son ganina ya zo." Kullum amsar ke nan.

Daga baya zamani ya juya. Maganin wanki ya yi wuyar samu, Wada ya kwanta dama, waya ta shigo kowane gida, har jikokin da ba su iya tsarki ba sun zama masu hoto. Asibi ta naɗe kyamarar a tsohon zane ta tura ƙasan adaka, ta koma sayar da soyayyen kifi. Idonta na dama ma ya fara yin yana.

Ana nan sai ga wata budurwa daga Kano, Nusaiba, da 'yar motarta. Sana'arta ɗaukar hoton biki da manyan kyamarorin zamani, amma inda ranta yake shi ne tsofaffin nan masu fim. Gari-gari take bi tana cigiyarsu, ta gyara, ta jera a kabad, ta riƙa fita da su ɗaya bayan ɗaya. A Riruwai aka ba ta labarin ta Wada. Da Asibi ta kwance zanen, yarinyar nan ta karɓa da hannu biyu. Ta leƙa 'yar tagar, ta kara a kunne ta danna, ta lumshe ido.

"Baba, kin ji? Lafiyarta ƙalau! Irin wannan ba ta mutuwa, gyara kawai take so. Na zamani ina danna ɗari in zaɓi ɗaya. Wannan kuwa dole ki tsaya ki kalli mutum tukuna."

Maganar ta shigi Asibi, amma ba ta nuna ba. Ta karɓe abarta ta naɗe. "Ba ta sayarwa ba ce, 'yar nan. Ki gaida mutanen gida." Nusaiba ta roƙa har ta gaji, ƙarshe ta rubuta lambarta da gawayi a bangon zaure ta tafi.

To, ga abin da ya dawo da Nusaiba. Wannan goyon da Salamatu ta hau mota da shi, Halimatus Sa'adiyya, ita kaɗai ta rayu a cikin 'ya'yanta. Tun tana da ƙuruciya ta bi mijinta Makka, mijin ya rasu a can, ta zauna ba takardu tana aikin gidajen Larabawa tana aiko wa uwar abin sawa a baka. Dawowarta hanya ɗaya gare ta: ta miƙa kanta ga hukuma a maido ta gida, kuma in ta dawo ta dawo ke nan. Salamatu ta san haka. Ga kuma kunyar 'yar fari, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "'yar Makka", balle ta buɗe baki ta ce tana kewarta.

Ciwo ya kama Salamatu tun bara, irin mai cin mutum a tsaye. Ta rame ta ƙare, buta ma sai an ɗaga mata. Amma Halima ta bugo waya, sai ka ji murya ta miƙe tangaram: "Garau nake! Yanzu ma daga surfe na tashi." Wallahi in kana wurin sai ka ji kamar ka ƙwace wayar. Waɗanda suka tsegunta wa Halima gaskiya, uwar ta ƙaryata su, ta ce gulma ce ta masu neman a aiko musu da turare. Asibi kuwa tun farko Salamatu ta haɗa ta da girman Allah kada ta faɗa, ta kuma amsa, don ba ta taɓa iya musa wa Yaya ba. Abin ya tsaya mata a wuya. Kullum tana ganin matar nan tana tafiya, 'yarta tana can tana wanke kwanukan wasu, ba ta sani ba.

Halima ta sha roƙon a nuna mata uwarta a waya, Salamatu ta ce atafau, hoton waya ba shi da mafaɗi, yau yana hannun 'yarka, gobe yana hannun ɗan acaɓa. Rannan da roƙon ya ishe ta, sai ta ce, don dai a ƙyale ta, "In hoto kike so, sai dai irin na Asibi, a wanke a ɗaka, a ba ni uwar a hannuna." Ta faɗa ne da sanin an daina wannan tun tuni.

Asibi tana bakin gado tana yi mata fifita. Ta ajiye maficin. "Kin faɗa fa, Yaya. Da kunnena na ji."

Bakin Asibi aka ɗaure, ba wanda ya ce komai a kan kyamara. Ga shi kuma maƙwabciyarsu Juwairiyya ta samu kujerar Hajji a shekarar, an kusa kiransu sansanin alhazai. In hoto ya samu kafin ta tashi, hannu da hannu zai isa wurin Halima. In bai samu ba, sai wata shekarar, kuma ko makaho ya taɓa Salamatu ya san ba ta da wata shekarar, sai dai wani ikon Allah.

A ranar Asibi ta sa aka karanto lambar bangon zaure, ta kira Nusaiba. "'Yar nan, har yanzu kina son abar nan? To ki zo da fim da kayan wanki. A ɗakina za a wanke, ba namijin da zai gani. In hoto ya fito, kyamara taki ce." Nusaiba ta zo washegari ta tafi da kyamarar Kano, ta share ta, ta sa mata mai, ta dawo da ita tana ƙyalli, da sabuwar igiyar ratayawa. Kuma da yake masu tara irin waɗannan kaya ba abin da suke tattali kamar gilashin gaba, sai da ta bi ta samo mata murfi daidai bakinta, baƙi, ta toshe.

Nan fa matsalar take. Kyamarar nan tun daga Riruwai ba ta taɓa yin murfi ba. Asibi ba ta ma san ana yi mata ba. Ita kuma Nusaiba cire murfi ya zame mata jiki, ko a ranta bai zo ba cewa abin faɗa ne. Ta sa fim, ta daidaita haske, ta miƙa. Asibi ta cusa a mayafi ta zaga gidan Salamatu ita kaɗai, don Yaya ta ce baƙuwar ido ba za ta shigo mata ba.

Abin da ta tarar ya ba ta haushi. Salamatu ta sa an yi mata lalle, ta zizara kwalli, ta shafa hoda, ta tauna goro don leɓe ya yi ja. Ta saka riga kan riga a ƙarƙashin atamfar da Halima ta aiko, don jiki ya cika. An jera mata filo a baya an rufe da mayafi, ta zauna ƙiƙam a tsakar gida tana murmushi.

"Yaya, wannan ai ba ke ba ce."

"Ni ce mana. Ɗauki ki ba ni wuri, bayana zai karye."

Asibi ta yi ƙwafa ta leƙa 'yar taga. Ga Yaya nan tar, ta rabu biyu. Da idon hagu ta lallaɓa ta haɗe ta, ta danna, ta sake, har fim ya ƙare. Salamatu ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ina za ta san yadda gabanta ya kamata ya kasance? Ana gamawa ta sulale a kan filon, sai da aka kama ta zuwa ɗaki.

Suka toshe tagar ɗakin Asibi da buhu, suka rataya bargo a ƙofa. Warin maganin wanki ya tashi, Asibi ta shaƙa ta ji kamar Wada yana kan bencinsa a waje. Da lokaci ya yi, Nusaiba ta zaro fim ɗin ta ɗaga shi a haske. Fari fes daga farko har ƙarshe, kamar ledar ƙulla sukari. Ba Salamatu, ba atamfa, ba komai.

Nusaiba ta juya ta kalli kyamarar da ke kan gado. Ta ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi! Baba, murfin! Ba ki cire murfin ba?"

"Wane murfi?"

Ta cire ta nuna mata. Asibi ta karɓa ta jujjuya shi a tafin hannu. Ranta ya ɓaci. Can ta ce, "Shekara da shekaru tana yawo da kanta a buɗe, kura ba ta cinye ta ba. Wa ya aike ki ki sa mata hula?" Nusaiba ta fashe da kuka tana ba da haƙuri. Asibi ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Ya isa. Ni ma da idona a fuskata, ban duba ba. Akwai sauran fim?"

Saura ɗaya. A yammacin kuma aka aiko wa Juwairiyya cewa jibi su hallara.

Da safe Asibi ta shiga wurin Salamatu ta faɗa mata abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Zaman jiya ya karya matar. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, kwallin ya dame mata a fuska. Da ta ji labarin har da 'yar dariyarta.

"To alhamdulillahi. Na yi alkawari, na zauna, na cika. Allah ne bai nufa ba."

"Alkawarin hoto kika yi wa yarinyar nan, ba na zama ba."

"To ki bari in ɗan ji sauƙi in sake kwalliya."

"Yaushe?"

Asibi ta zauna a bakin gadon ta dafa ƙafarta, ƙafar da ta koma kamar sanda.

"Yaya, ni da ke ba ma yi wa juna ƙarya. Kin ɗaure mini baki, ban kwance ba, ba kuma zan kwance ba. Amma na gaji da jin kina surfe a waya. Ki bari in ɗauke ki yadda kike. Uwar hoton taki ce, hoton ma naki ne. In kin gani ba ki so, ni da kaina zan miƙo miki ashana. Ƙa'idata ba ta canza ba don ke ce."

"Ke dai tun kina yarinya ba ki da dama."

"Ke kika ɗauke ni a mota, ba wanda ya sa ki."

Can Salamatu ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da ashanar za ki zo."

Asibi ta koma ta ɗauko kyamara. A cikin ɗakin ta leƙa 'yar taga, ba ta ga komai ba sai duhu, idon ya gaza. Ta shimfiɗa tabarma, ta rungumo Yaya ta sauko da ita, abin tausayi ba nauyin komai, ta ja tabarmar har bakin ƙofa inda hasken hantsi ke faɗowa. Ta jingina ta da ƙyaure. Ba hoda, ba filo, ɗankwalin ma na jiya ne. Kafin ta ɗaga kyamarar sai da ta sa yatsa ta dangwali gilashin gaba ta ji sanyinsa, ta goge da bakin zane. Da Nusaiba ta ga wannan, da suma za ta yi.

Ta jawo turmi ta kifa ta dogara gwiwar hannu a kai don kada kyamarar ta motsa. Inuwa biyun suka ƙi haɗuwa. Fuskar ba ta da sauran wani gefe mai kaifi da ido ɗaya zai kama. Ta murza gaba, ta murza baya, hawaye ya cika idon, ta share ta sake leƙawa. Gumi ya jiƙa mata mayafi. Salamatu ta fara zamewa.

"Kalle ni, Yaya. Buɗe idon sosai."

Salamatu ta ɗago ta zuba mata ido. A farin idon nan Asibi ta samu abin kamawa. Ta murza a hankali har idanu huɗu suka koma biyu, ta riƙe numfashi, ta danna. Ba ta yarda da ɗaya ba, ta yi ta yi har Salamatu ta ce in ba ta bari ba za ta tsine wa kyamarar.

Wannan karon da Nusaiba ta ɗaga fim ɗin, ga 'yan hotuna nan baƙi-baƙi a jere. Ta haɗa injin buga hoto da batirin motarta, suka zaɓi wanda ya fi fita, Asibi ta karɓi takardar da hannunta ta tsoma a faranti. A jan hasken ɗakin fuskar ta fara tasowa daga cikin ruwan. Kullum Asibi tana tare da matar nan, ita ke yi mata wanka, amma sai yanzu ta gan ta. Kumatu sun zurma, wuya ya zama igiya, idanun ne kawai suka rage na Yaya. Ta tsaya riƙe da bakin farantin tana kuka ba sauti, sai Nusaiba ce ta tsamo takardar kada ta ƙone.

Da hoton ya bushe, ta yanke uwar, ta haɗa da sauran fim ɗin duka da kwalin ashana, ta kai wa Salamatu ta ajiye mata a cinya. Salamatu ta kai hoton kusa da fuska, ta nisanta shi, ta sake matsowa da shi.

"Haka nake?"

"Haka kike, Yaya."

"In ta ga wannan, watsar da komai za ta yi."

"Za ta watsar."

"Ba za su bar ta ta koma ba."

"Ba za su bar ta ba."

Salamatu ta ɗauki kwalin ashanar ta zaro tsinke ɗaya. Asibi ta kafe a inda take, ta ɗaure hannuwanta a baya. Ta yi alkawari, kuma ba ta taɓa ƙwace hoto a hannun mai shi ba. Tsinken ya daɗe a tsakanin yatsun nan masu lalle. Sannan Salamatu ta mayar da shi cikin kwalin ta rufe.

"Kai wa Juwairiyya. Ki ce ta sa a cikin kaya, kada ta nuna wa kowa a jirgi. Sauran kuma tura mini ƙarƙashin filo."

Asibi ba ta tsaya jin ƙari ba, kada a canza magana. Ta naɗe hoton a takarda, ta sa a leda, ta kai, ta tsaya a kan Juwairiyya har sai da ta ga an ɗinke shi a cikin aljihun jaka. Da ta dawo ta tarar da Nusaiba tana haɗa kayanta, ta bar kyamarar a kan gado, wai kunya ta hana ta ɗauka bayan abin da ya faru. Asibi ta ɗauka ta rataya mata a wuya. "Magana ɗaya nake yi. Amma ki riƙa fita da ita, kada ki kulle ta a kabad ta zama kayan ado." Murfin kuwa ta ce a bar mata, ya yi daidai da bakin kwalbar man ƙulinta.

Alhazai suka tashi. Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari, don sai Juwairiyya ta gama da Madina kafin ta isa Makka. Asibi ta daina suyar kifi, ta tare a ɗakin Salamatu, wayar tana ɗaure a bakin zanenta. Salamatu ba ta tambaya, amma ko kaza ta yi motsi a tsakar gida sai ta buɗe ido.

Wata ranar Laraba bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Asibi ta danna ta kara wa Salamatu a kunne, don hannun ba ya iya riƙewa. Ba sallama, ba gaisuwa. Kuka kawai ake ji daga can, na babbar mace, irin wanda ba a iya tsayar da shi.

"Inna! Inna, haka kika koma? Me na yi miki da za ki ɓoye mini?"

Salamatu ta gyara murya, ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage. "Ke, wane irin sakarci ne wannan? Ai da sau..."

Ta haɗa ido da Asibi. Asibi ba ta kawar da kai ba. Muryar Salamatu da ta fito bayan nan ba ta surfe ba ce, tata ce ta gaskiya, siririya, da ƙyar take kaiwa.

"To, kin dai gani. In za ki taho, ki taho da wuri."

Asibi ta riƙe wayar har suka gama, hannunta ya sage ba ta sauya ba. Da aka kashe, ta gyara wa Yaya mayafi, ta fita tsakar gida ta share fuskarta. Sannan ta ɗauki tsintsiya ta nufi ɗakin da ke kusa da na Salamatu, wanda buhunan masara suka cika, ta tsaya a ƙofa tana ƙwala wa mutanen gidan kira su zo su fitar da su.